Wa Ke Riƙe da Hotunanmu?

Waɗanda suka yi wayo kafin zuwan wayar salula a cikinmu sun san al'adar. Baƙo ya zo, an gaisa, an kawo ruwa, uwargida ta miƙe za ta duba tukunya, sai ta jawo albam daga ƙasan tebur ta miƙa masa ya riƙa buɗawa kafin abinci ya sauka. Hotunan ba su da yawa. Ga na Sallah da aka ɗauka a situdiyo, yara sun ƙame gaban labule mai zanen furanni. Ga na Alhaji ranar da ya dawo daga Makka, ga na amarya ta sunkuyar da kai. Kowanne da kuɗi aka yi shi, da jira kuma, domin sai fim ɗin mai hoto ya cika, sai ya kai wanki, sai bayan kwanaki ya dawo ya ce biyu sun ƙone.

Yau wayar ɗan sakandare tana ɗauke da hotunan da suka fi na albam ɗin layinmu gaba ɗaya yawa. Amma mu tambayi kanmu hoton sunan yaron da aka haifa mana a 2012, mu ji amsoshin da za mu bayar. Wayar ta faɗa ruwa. An zare ta a kasuwa. Mimori ya lalace. Mun ɗora a wani shafi, mun manta lambar sirri. Hoton kakanmu na 1975 yana nan a bango, na ɗanmu kuwa babu. Wannan abu yana da tarihi, kuma yawancin tarihin a Amurka aka yi shi, a hannun kamfanonin da suka karɓi ajiyar hotunan duniya, kowanne da dalilinsa na karɓa.

Sai mun koma 1888 kafin mu gane bakin zaren. A wannan shekara George Eastman, wani tsohon ma'aikacin banki a garin Rochester na jihar New York, ya fitar da kyamarar da ya sa wa suna Kodak. Akwati ce ƙarama, dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. In mutum ya gama ɗauka, sai ya aika da kyamarar ɗungurungum zuwa Rochester ta gidan waya, ya haɗa da dala 10, a wanke masa hotuna, a sa sabon fim, a maido masa. Tallar kamfanin cewa take kai dai danna, sauran aikin nasu ne. Daga nan ɗaukar hoto ya fita daga hannun ƙwararru ya shiga gidaje. A 1900 suka fitar da Brownie a kan dala ɗaya tak, don sun gane ba a jikin kyamara riba take ba. Ribar tana cikin fim da takarda da ruwan wanki, abubuwan da ke ƙarewa a sake saye. Wannan ciniki ya riƙe kamfanin shekara ɗari. A 1988 ma'aikatansa sun haura 145,000.

Abin lura a wannan tsari shi ne abin da ke dawowa hannun mai hoto. Kamfani ya yi aikinsa, an biya shi, an rabu. Takardar hoton da fim ɗin da aka wanke suna gidanka. Ko Kodak ta rushe gobe, ba abin da ya shafi albam ɗinka.

A cikin wannan kamfani ne aka ƙera abin da ya kashe cinikin. A ƙarshen 1975 wani matashin injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa wata na'ura mai nauyin kilo uku da rabi da ɗoriya, wadda ke ɗaukar hoto babu fim. Tana mayar da haske lambobi, ta rubuta su a kan kaset irin na rikoda. Hoto guda, baƙi da fari, ɗigo 10,000 kacal, yana cin daƙiƙa 23 kafin ya hau kaset, sannan a haɗa da talabijin a kalla. Sasson ya sha ba da labarin cewa manyan kamfanin ba su ga dalilin da zai sa mutum ya so kallon hotonsa a talabijin ba. Ana yawan kawo wannan labari don a nuna wautarsu, har a ce sun ɓoye na'urar. Mu dai muna ganin an cika musu baki. Kodak ta yi rajistar fasahar a 1978, ta fitar da kyamarar dijital ta ƙwararru a 1991, kuma da hannunta a QuickTake ɗin da Apple ta sayar a 1994. Ba ganin gaba suka rasa ba. Abin da suka kasa hangowa shi ne ranar da mutane za su ɗauki hoto ba tare da niyyar buga shi a takarda ba.

Alamar wannan rana ta bayyana a 11 ga Yuni, 1997, a wani asibitin haihuwa a Santa Cruz ta jihar Kalifoniya. Philippe Kahn, Bafaranshe mai sana'ar manhajar kwamfuta, yana jiran matarsa ta sauka. Ya haɗa kyamarar dijital da kwamfutar tafi-da-gidanka da wayar salula, ya ɗauki hoton jaririyar, ya aika wa mutum kusan 2,000 a take. Babu wanda ya jira wanki, babu wanda ya jira gidan waya. Bayan shekara uku, a ƙarshen 2000, kamfanin Sharp ya fitar da waya mai kyamara a jikinta a Japan, kuma aika hoto ta waya ya zama ruwan dare a can tun kafin sauran duniya ta farga.

To amma a 1999 mutumin da ya sayi kyamarar dijital a Amurka matsalarsa daban ce. Hotuna sun taru a kwamfuta, kakar yara tana wata jiha tana son gani, intanet ɗin gida na layin tarho ne mai tafiyar hawainiya, hoto uku sun isa su toshe akwatin imel. Injin bugawa na gida kuma tawadarsa tsada, hotonsa ba ya daɗewa. Sai wasu sabbin kamfanoni suka taso don cike wannan giɓi: Ofoto a garin Berkeley da Shutterfly, dukansu a 1999, sai Snapfish a 2000. Tayinsu iri ɗaya ne. Ɗora hotunanka a shafinmu kyauta, mu ajiye maka kyauta, ka aika wa danginka adireshin albam ɗin su kalla kyauta. Wanda ya ga hoton da ya yi masa, sai ya biya a buga masa a takarda a aiko masa har gida.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo asali. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Ajiyar hoto a intanet ba iska ba ce, ko da yake masu abin sun sa mata suna gajimare. Gine-gine ne manya cike da kwamfutoci, suna shan wutar lantarki dare da rana, ana sanyaya su, faifan da ya mutu a sauya shi, ma'aikata kuma a biya su albashi. Hoton da ka ɗora sau ɗaya yana cin kuɗi kowane wata har ranar da aka goge shi. Dole akwai mai biyan wannan haya. A zamanin Ofoto, kuɗin bugawa ne ke biya. Ajiyar kyauta tsaba ce da aka watsa don kaji su taru.

Kodak ta ga wannan ciniki ya yi kama da nata, ta saye Ofoto a 2001, daga baya ta sauya masa suna zuwa Kodak EasyShare Gallery a 2005. A ce kamfanin fim ya mallaki ɗaya daga cikin manyan shafukan raba hotuna na duniya shekara uku kafin a san wani abu wai shi Facebook! Amma a idon Kodak shafin kantin wankin hoto ne kawai da aka buɗe a intanet. Sharaɗinsu ma ya nuna haka: wanda ya shekara bai sayi komai ba, ana iya goge hotunansa. A 2009 suka ƙara ɗaure sharaɗin, suka ce mai ajiyar da ba ta wuce gigabait biyu ba sai ya kashe aƙalla dala 4.99 a shekara, wanda ya haura haka kuma dala 19.99. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka ajiya suka bayar, ba su san haya suke ciki ba, kuma saƙon gargaɗin yakan tafi tsohon imel da aka daina buɗawa.

Ana cikin haka wani abu dabam ya ɓullo daga Vancouver ta ƙasar Kanada. Wani ƙaramin kamfani mai suna Ludicorp, na Stewart Butterfield da Caterina Fake, yana ƙoƙarin gina wasan kwamfuta na intanet, kuɗi suna ƙarewa. A cikin kayan wasan akwai wani ɓangare na musayar hotuna, sai suka ga ya fi wasan jan hankali. Suka watsar da wasan, suka fito da Flickr a Fabrairun 2004. Bambancinsa da su Ofoto babba ne. A can albam rufe yake, sai wanda ka gayyata. A Flickr hoto a buɗe yake ga duniya sai in kai ka rufe, kowa na iya yin sharhi a ƙarƙashinsa, kuma ana liƙa masa kalmomin da za su sa baƙo ya same shi in ya nema. Hoto ya tashi daga abin da ake nuna wa dangi ya koma abin da ake baje wa jama'a. Yahoo ta saye shi a 2005, bayan shekara biyu kuma ta rufe nata tsohon shafin, Yahoo Photos, ta ce wa masu hotuna a ciki su kwashe kayansu kafin wa'adi. Wannan na cikin karo na farko da miliyoyin mutane suka ji an ce musu su tashi, mai gida zai rushe ɗaki.

A ƙarshen 2005 Facebook ya buɗe sashen hotuna. Ingancin hotunan bai kai na Flickr ba ko kusa, an matse su sun dushe. Amma ya zo da dabara guda: kana iya nuna fuskar mutum a hoto ka liƙa sunansa, shi kuma a sanar da shi. Wa zai ji an ce ga hotonsa an ɗora ya ƙi zuwa ya duba? A 2013 kamfanin da kansa ya ce ana ɗora masa hoto miliyan 350 a kowace rana. Mai biyan haya ya sauya. Yanzu ba kuɗin bugawa ba ne, masu talla ne, su kuma abin da suke saye shi ne lokacin da muke ɓatawa muna kallo. Hoton da ke da daraja a wannan kasuwa shi ne na yau, wanda zai sa a tsaya a duba. Na shekara goma da suka wuce nauyi ne kawai a kan kamfani.

Watanni huɗun farko na 2012 sun isa su nuna yadda kasuwar ta juya. A 19 ga Janairu Kodak ta shiga kotu ta bayyana cewa ta kasa biyan basussukanta. Cikin kadarorin da ta sayar akwai shafin hotunan nan, wanda Shutterfly ta saya a kan dala miliyan 23.8, da hotuna wajen biliyan biyar a cikinsa. A watan Afrilu kuma Facebook ya sayi Instagram, manhajar da ba ta cika shekara biyu ba, mai ma'aikata 13, a kan dala biliyan ɗaya. Instagram ba ya buga hoto ko ɗaya, ba ya ma sayar da komai a lokacin. An rufe Kodak Gallery a farkon Yulin shekarar. Masu hotuna a Amurka da Kanada sun yi sa'a, an kwashe musu zuwa Shutterfly. Amma mu lura da yadda abin ya kasance: hotunan aure da na haihuwa da na mamatan mutane sun shiga jerin kayan da aka yi gwanjonsu a gaban alƙali, ba a tambayi mai hoto ko ɗaya ba.

Daga nan labarin ya zama maimaici, sai dai kowane karo da irin ɗacinsa. Photobucket, wanda aka kafa a 2003, shi ne rumbun da masu sayar da kaya da masu koyar da gyaran mota da ɗinki da sauransu ke ajiye hotuna, su nuna su a wasu shafukan. A tsakiyar 2017, kusan ba sanarwa, ya ce duk mai son hotunansa su ci gaba da bayyana a waje sai ya biya dala 399.99 a shekara. Cikin 'yan kwanaki hotuna suka ɓace daga rubuce-rubucen shekara goma sha wani abu a faɗin intanet, ya rage sai bayani babu hoto: “ka kwance wannan kusar da ke nan”, alhali babu nan ɗin. Flickr, wanda a 2013 ya yi wa kowa kyautar terabait guda, ya koma hannun SmugMug a 2018, sabbin masu shi suka ce mai asusun kyauta hoto 1,000 kawai zai ajiye, abin da ya haura yana iya tafiya. Su dai sun faɗi gaskiya, shugabansu ya fito a ƙarshen 2019 ya ce shafin asara yake yi, yana roƙon a biya. MySpace kuwa ba ma ciniki ba ne ya ci shi. A Maris na 2019 ya amsa cewa wajen sauya kwamfutocin ajiya, hotuna da bidiyo da waƙoƙin da aka ɗora a shekarun baya sun salwanta. An ƙiyasta waƙoƙin kaɗai sun kai miliyan 50. Haƙuri kawai aka ba mutane.

Wanda ya fi shafarmu kai tsaye shi ne Google, tunda yawancinmu Android muke riƙewa. A Mayun 2015 ya fito da Google Photos, ya ce a zuba hotuna babu iyaka, kyauta, in dai an yarda ya ɗan matse su. Duniya ta zuba. A Nuwamban 2020 kamfanin ya ce hotuna da bidiyon da ke hannunsa sun haura tiriliyan huɗu, ana ƙara biliyan 28 kowane mako, don haka daga 1 ga Yuni, 2021 kyautar ta ƙare. Duk sabon hoto zai shiga cikin gigabait 15 ɗin da mutum ke rabawa da Gmail da Drive, in ya cika sai haya wata-wata. Wannan shi ne mai biya na uku a tarihin: bayan mai buga hoto da mai talla, yanzu mai hoton da kansa. A 2023 kuma Google ya ƙara da cewa asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba, yana iya goge shi da duk abin da ke ciki. A shekarar dai Shutterfly, magajin hotunan Kodak, ya ce ajiyarsa ta wanda ke sayen wani abu aƙalla sau ɗaya a wata 18 ce. An zagayo an dawo sharaɗin Ofoto.

Mu fa ta ina muka shiga wannan labari? Ta tagar gefe. Zamanin Ofoto ya wuce mu, don yana bukatar katin banki da ke aiki a intanet da gidan waya mai kawo saƙo har ƙofa, mu kuma a 2001 ne ma layukan GSM suka fara aiki a Najeriya. Masu shekaru a cikinmu za su tuna shiga kafe a sayi awa ɗaya, a ba da hoton takarda a yi masa sikanin, a aika wa ɗan'uwa a waje ta Yahoo, rabin awar ta tafi a jiran hoto guda ya hau. Sannan wayoyi masu kyamara suka zo, aka riƙa tura hoto ta Bluetooth waya kusa da waya, aka yi zamanin 2go da BBM, wanda shi ma aka rufe na gama-gari a Mayun 2019. Daga ƙarshe kusan kowa ya tare a WhatsApp. Wato mun tsallaka daga albam zuwa waya kai tsaye, ba mu bi ta kwamfutar gida ba, inda Bature ya saba ajiye kwafi na biyu. Ga da yawanmu wayar ita ce kyamara, ita ce albam, ita ce akwatin ajiya.

WhatsApp kuwa ɗan aike ne, ba ma'aji ba. Da zarar ya isar da saƙo, ba ya riƙe shi a rumbunsa, wanda bai isa ba ma kwana 30 kawai yake jira. Hoton da ke cikin zauren danginmu yana zaune ne a wayoyin 'yan zauren, ba a wani wuri ba, sai fa wanda ya kunna ajiyar kwafi zuwa Google Drive, ita ma daga 2024 ta shiga lissafin gigabait 15 ɗin nan. Ga kuma matsewa. Don ya rage cin data, WhatsApp yana rage girman hoto kafin ya aika, sai a 2023 ya ƙara zaɓin aikawa da inganci mafi kyau. Wannan ya taimaki aljihunmu, babu musu. Amma duk wanda ya taɓa kai hoton mahaifinsa da ya rasu wajen masu bugawa don a yi masa babban firem, aka ce masa “wannan na WhatsApp ne, zai fashe”, ya san farashin. Asalin hoton yana wayar wanda ya ɗauka, wayar kuma an sayar da ita tuntuni.

Akwai wata matsalar da ta fi zama tamu. Mutum ya sayi sabuwar waya a kasuwa, ya miƙa wa yaron shago ya saita masa. Yaron ya buɗe masa Gmail cikin minti biyu, ya ƙirƙiri lambar sirri, wataƙila ya rubuta a bayan kwali, wataƙila bai rubuta ba. Shekara huɗu wayar tana kwashe hotuna tana kai wa wannan asusu, mai ita bai ma sani ba. Ranar da ta ɓata, sai a sayi wata, wani yaron ya buɗe wani sabon Gmail. Hotunan suna nan lafiya lau a wani gini a wata ƙasa, babu mai mabuɗi. In layin da aka yi rajista da shi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin waya ya sake sayar da lambar ga wani, hanyar dawo da asusun ta ƙara toshewa. Agogon shekara biyu na Google kuma yana tafiya. Haka abin yake in mai wayar ya rasu: magada za su raba gida da gona da tufafi, amma ba mu saba tambayar lambar sirri a gefen gadon mara lafiya ba, kuma da wuya mu saba.

A Fabrairun 2015, a wani taron masana kimiyya a San Jose, Vint Cerf, ɗaya daga cikin mutanen da suka tsara ƙa'idojin da intanet ke tafiya a kai, kuma mataimakin shugaba a Google, ya yi gargaɗin cewa zamaninmu na iya zama wanda na baya za su rasa tarihinsa, don manhajoji da na'urorin da ke buɗe fayilolinmu suna mutuwa su bar fayilolin. Shawarar da ya bayar ita ce: hoton da ka damu da shi, ka buga shi a takarda. Jami'in ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fi ajiyar hotuna ke nan.

Ba za mu ce takarda ba ta da nata ajali ba. Mun san gara, mun san ɗakin da ke yoyo da damina, mun san yadda hoton kala na shekarun 1980 ke komawa ja-ja. Ambaliya irin wadda ta ci Maiduguri a Satumban 2024 ba ta tambayar ko albam ne ko katifa, kuma wanda rikici ya kora daga garinsa da kayan jikinsa kaɗai, hoton da ya taɓa ɗorawa a Facebook shi ne zai sake gani. Intanet ya ceci hotuna da yawa da takarda ba za ta cece su ba. Sai dai lalacewar takarda a hankali take zuwa, ana gani, wani lokaci a tare ta. Bayan igiyar ruwan da ta afka wa arewa maso gabashin Japan a Maris na 2011, masu aikin ceto sun riƙa tsintar albam a cikin laka suna tarawa. 'Yan sa-kai, har da ma'aikatan Fujifilm, suka zauna suna wanke hotunan ɗaya bayan ɗaya da ruwa, suna shanyawa, ana baje su a manyan ɗakuna don masu su su zo su gane nasu. Da yawa gefensu ya cinye, amma fuskar tana nan. Fayil ba ya yin haka. Ko ya buɗe gaba ɗaya, ko ya ƙi gaba ɗaya, kuma babu mai tsintarsa a bakin hanya ya gane ɗiyar maƙwabcinsa ce.

Buga hoto bai mutu ba, ya sauya kama ne. Shutterfly ya rayu ne don ya daina dogaro da ƙananan hotuna, ya koma buga littafin hotuna da katin gaisuwa da kofi da bargo masu ɗauke da fuskokin iyali. Mu ma nan haka ta faru ba tare da mun kwaikwayi kowa ba. Mai hoton unguwa da ke yawo da kyamara a wuya ranar Sallah ya ragu ƙwarai, situdiyo da yawa sun koma hoton fasfo. Amma ba a bikin da ya amsa sunansa sai an buga kalanda da sitika da littafin rubutu da jaka, ga ango ga amarya a jiki, an rarraba wa mahalarta. Akan yi mana tsiya a kan wannan, a ce almubazzaranci ne, kuma wani lokaci da gaskiyar masu faɗa. Sai dai a gidaje da yawa da muka sani, bayan shekara goma da biki, wayoyin da suka ɗauki ɗaruruwan hotuna a ranar duk sun tafi, mai ɗaukar hoton da aka ɗauko haya ya goge nasa don ya samu wurin wani bikin, faifan da ya bayar kuma babu na'urar da za ta karanta shi a gidan. Abin da ya saura shi ne kalandar nan a bangon ɗakin wata gwaggo, shekarar da ke jiki ta daɗe da wucewa, kusurwarta ta naɗe, hayaƙin turare ya dusar da ita. Can ake zuwa da waya a ɗauki hotonta, a tura wa 'ya'yan amaryar ta WhatsApp.